Tambayi Lauya: Aikin Lauya a Inda Kwalta Ta Ƙare

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a teburina a nan Zariya cikin wannan wata sun karkata ga batu ɗaya kamar an haɗa baki, wato halin lauyan da ya zaɓi ya yi aiki nesa da birni, da halin mutanen karkara da suke buƙatarsa ba su same shi ba. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su kamar yadda aka saba, na kuma sakaya sunayen masu su. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya daga wani sabon lauya: "Barista, ni ɗan wani gari ne a ƙaramar hukumar Kubau. Na yi digirin shari'a a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na wuce makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda, an rantsar da ni, kuma bana na kammala bautar ƙasa. Raina yana son in koma gida in buɗe ofis, domin a duk gundumarmu ban san lauya mai zaman kansa ko ɗaya ba. Mahaifina ya ce bai shekara shida yana sayar da masararsa don in dawo in zauna a gindin rumbu ba, abokaina kuma duk sun nufi Abuja da Kaduna. Shin lauya yana iya rayuwa a ƙauye?"

Ƙanena, yana iya rayuwa, amma shawarata ita ce kada ka tafi bana. Doka ba ta hana ka kafa allo a ƙofar ofis gobe da safe ba, sai dai abin da aka koya maka a Kongo da Bagauda rabin abin da za ka buƙata ne. Sauran rabin yana hannun tsofaffin lauyoyin da suka shekara suna zarya tsakanin babbar kotu da kotunan shari'ar Musulunci na garuruwan da ke kewaye da Zariya. Ka nemi ɗaya daga cikinsu ka ɗauki jakarsa shekara biyu ko uku, ka jure ƙarancin albashi, ka riƙa roƙonsa ya tura ka Maigana da Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, wato shari'o'in da abokan aikinka suke gudu saboda nisa da ƙura. A birni, sabon lauya yana yin kuskure sai babba ya gyara masa kafin takarda ta isa gaban alƙali. A ƙauye kuwa ba ka da wanda za ka leƙa ofishinsa ka tambaya, kuma kuskurenka na farko duk kasuwa za ta ji shi kafin la'asar.

Ni kaina na shekara bakwai ina zuwa wani garin kasuwa sau biyu a mako kafin na yarda na kama ɗaki a can, kuma shari'ar gona ta farko da na riƙe faɗuwa na yi warwas. Wanda nake wakilta yana da shaidu cewa gonar ta kakansa ce, ni kuma na shiga kotu da ƙarfin gwiwa da tarin hukunce-hukuncen manyan kotuna. Abokin shari'armu dattijo ne da bai ɗauki lauya ba, sai ya miƙe ya ce ya shekara fiye da goma yana noman wurin a idon mai ƙara, bai taɓa ce masa uffan ba. Alƙali ya dube ni ya tambaye ni abin da zan ce game da hauzi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana nan yana gani kuma babu abin da ya hana shi magana, to da'awarsa ta faɗi; tsakanin dangi kuwa wa'adin yana kai shekara 40. Akwai mafita, domin hauzi ba ya aiki idan an tabbatar da cewa aro aka bayar ko jingina ko amana, kuma daga baya na gano cewa lallai aro ne, sai dai ban tambayi mutumina ba, ban kuma nemi dattawan da aka yi aron a gabansu ba. Wannan darasi ban same shi a aji ba ta yadda zai zauna mini, a zauren kotu na same shi, wani bawan Allah kuma ya biya da gonarsa.

Don haka abu na farko da zan ce ka ƙware a kai shi ne fiƙihun mu'amala da Hausar kotu. Tun 2001 jihar Kaduna ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya, kuma a yankinku kusan duk rigimar aure da gado da bashi da gona a kotun shari'ar Musulunci take farawa, da Hausa ake yin ta. Dole ka san wane ne mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa, domin ba kullum wanda ya shigar da ƙara ne nauyin kawo shaida yake kansa ba. Dole ka san lokacin da rantsuwa take cika shaidar mutum ɗaya, ka kuma san i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa masu shari'a ko suna da sauran hujja kafin ya yanke hukunci, wadda rashinta kaɗai kan sa kotun sama ta rushe shari'a. Sannan akwai tarkon ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ga al'amuran da suka shafi aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara. Rigimar mallakar gona tsantsa, wadda ba ta gado ba, babbar kotu ake kai ta. Na ga mutanen da suka yi shekaru suna bin shari'a har suka yi nasara, daga bisani aka soke komai saboda tun farko an bi ƙofar da ba ita ba.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ainihin damuwar mahaifinka, kuma yana da gaskiya. Lauyan karkara da ya dogara da tsayuwa a kotu kaɗai zai sha wuya, domin manomi yana da kuɗi ne da kaka, shari'a kuwa ba ta san kaka ba. Abin da zai riƙe ka shi ne alƙalami. A garuruwanmu ana cinikin gona ta miliyoyin naira a kan fallen takardar makaranta, a rubuta "na sayar masa da gonata ta bakin rafi", babu iyaka, babu awo, babu sa hannun sauran magada. Ana bayar da jingina da baki, a mutu a bar 'ya'ya suna gardamar ko sayarwa aka yi. Ƙungiyoyin manoma suna karɓar taki da iri bashi daga kamfanoni a kan yarjejeniyar da babu wanda ya karanta musu. Duk waɗannan aikinka ne: rubuta yarjejeniyar ciniki da ta jingina da ta haya, yi wa ƙungiyoyin gama kai rajista, raka mai gona KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, don neman takardar mallaka, da tsara rabon gado a rubuce bayan malamai sun fitar da kason kowa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta bambanta filin birni da na karkara, kuma mutanenka ba su da mai yi musu bayanin abin da hakan yake nufi ranar da gwamnati ko wani kamfani ya zo yana son fili. Kuɗin kowace takarda kaɗan ne, amma suna da yawa, kuma wanda ka rubuta wa takardar da ta tsare masa gona shi ne zai kawo maka ƙaninsa da surukinsa.

Za a biya ka da buhun masara, za a biya ka da ɗan akuya, wani kuma zai biya ka da addu'a. Ka karɓi na farko da na biyu ba tare da jin kunya ba, ka rubuta rasit da ƙimarsu. Game da na uku kuwa, ka yanke wa kanka tun yanzu adadin shari'o'in da za ka riƙe kyauta a lokaci guda, ka tsaya a kai. Wannan ita ce matsalar ɗan gari: kowa kawunka ne, kowa ya goya ka, kuma duk wanda ka nemi kuɗin mota a wurinsa zai ce boko ya ɓata ka. Mafi muni, wata rana ɓangarorin biyu duk danginka ne, kuma ƙa'idar aiki ta hana ka wakiltar masu adawa da juna a magana ɗaya. Saboda haka nake ganin ya fi maka ka kafa ofis a Anchau, hedikwatar ƙaramar hukumarku, ko wani garin da yake da kotu da caji ofis da kasuwa, maimakon cikin unguwar da aka yanke maka cibiya, ka kuma bar ƙafa ɗaya a Zariya, inda babbar kotu take da ɗakin karatu da abokan shawara. Wanda ya yi aiki a yankin Giwa ko Birnin Gwari a ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta katse layukan waya a wasu yankuna, ta hana hawan babur, ta kuma dakatar da wasu kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, zai gaya maka amfanin samun wurin komawa.

Mahaifinka kuma ka je masa da lissafi, kada ka je masa da wa'azi. Ka nuna masa cewa shekara 10 da ake buƙata kafin a naɗa lauya alƙalin babbar kotu, ko kafin ya nemi muƙamin babban lauya na SAN, ana ƙirga su ne daga ranar rantsarwa, ko a Abuja mutum ya yi su ko a Anchau. Ka kuma tuna masa cewa sai a 1955 Arewa ta samu lauyanta na farko, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilorin, amma a 1995 ɗan birnin Zazzau, marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya riƙe kujerar har 2006. Sana'ar ta cika birane cikin ɗan lokaci, ƙauyuka ne har yanzu ba ta kai ba.

Tambaya daga wata matar aure: "Barista, muna zaune a wani ƙauye mai nisa a yammacin Zariya. Ƙanin mijina ya ci bashin taki bai biya ba, ya tafi ci-rani. Mai kayan ya kai ƙara caji ofis, sai aka zo aka tafi da mijina aka ce sai ƙaninsa ya dawo. Yau kwana biyar ke nan, an ce mu kawo kuɗin beli, an kuma ce ni mace ba zan iya tsaya masa ba. Ba mu da kuɗin lauya. Ina za mu dosa?"

'Yar'uwa, Allah ya kawo muku mafita. Idan abin ya faru yadda kika faɗa, to an saɓa wa doka ta fuska biyar. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ko da uba ne da ɗa, balle wa da ƙani. Dokar nan kuma ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alƙawarin ciniki kawai, domin wannan magana ce ta kotu tsakanin mai kaya da wanda ya ci bashi, sai fa idan akwai zargin zamba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu kuwa cikin kwana biyu, ko wa'adin da kotu da kanta ta ga ya dace. Ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wanda ba shi ne halin mijinki ba. Beli a caji ofis kyauta ne, kuma zamanki mace ba ya hana ki tsaya wa mijinki.

Sanin wannan bai isa ba, na sani, domin macen da ta je ita kaɗai tana karanto sashe ba lallai a saurare ta ba. Ki samu wani namiji babba a dangi ko mai unguwarku ku nemi ganin DPO da kansa, cikin ladabi, domin sau da yawa abin da ake yi a teburin karɓar ƙara bai kai kunnensa yadda yake ba. A lokaci guda ki tura wani Zariya ya nemi reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, ya tambayi kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam. Wannan kwamiti aikinsa ke nan, kuma sau da yawa kiran waya ɗaya daga lauya yana buɗe ƙofar da kuka kwana biyar kuna bugawa. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali, tana da ofis a Kaduna, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. A tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ma akwai ofishin da ɗalibai suke taimaka wa marasa hali a ƙarƙashin kulawar malamansu. Idan duk wannan bai yi ba, lauya zai shigar da ƙarar neman haƙƙi a babbar kotu, wadda take da ikon ba da umarnin a sake shi har ma a biya shi diyya.

Ki rubuta ranar da aka kama shi da sunan wanda ya kai ƙara, kada kuma mijinki ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar ɗaukar bashin ƙaninsa sai idan da yardarsa ne kuma an karanta masa. Ina jaddada gaggawa ne saboda abin da na sha gani: mutumin karkara da ba shi da mai bibiya, da zarar an kai shi gidan gyaran hali da sunan jiran shari'a, sai a manta da shi. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Ga lauyoyi matasa da suke tambayata wane aikin al'umma za su fara da shi, amsar tana cikin wannan wasiƙa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyarar wuraren tsare mutane na yankinsa duk wata, jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2017. Lauyan da zai riƙa bin irin wannan ziyara da biro da littafi, yana rubuta sunan kowa da ranar da aka kawo shi, zai fitar da mutane da yawa ba tare da ya sa hular gashi ba.

Tambaya daga wani dattijo mai unguwa: "Barista, shekarata 30 ina sasanta mutane a ƙofar gidana. Tun da lauyoyi suka fara shigowa garinmu, maganar da za mu kashe da goro sai ta shekara uku a kotu, a sayar da saniya a kan rigimar akuya. Kuma mun taso muna jin cewa lauya mai mayar da ƙarya gaskiya ne. Shin wannan sana'a ma ta halatta?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan kare abin da ba ya karuwa ba, domin akwai lauyoyin da suke rayuwa da ɗage shari'a, kuma talakan ƙauye ne ya fi jin jikinsu, tunda kowace ɗagewa kuɗin mota ce da asarar yinin noma. Zargin da kuka taso da shi ma yana da tushe a tarihi. A zamanin En'e an hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, kuma haramcin ya ci gaba a kotunan yanki har sai da kundin tsarin mulkin 1979 ya sa aka fara rushe shi. Saboda haka kakanninmu sun san lauya ne a matsayin baƙo mai baƙar riga da yake magana da Turanci a kotun Bature, ba su san shi a zauren alƙali ba.

Amma wakilci a husuma sananne ne a fiƙihu, malamai sun yi masa babi, sun halatta mutum ya wakilta wanda ya fi shi iya bayani. Abin da aka hana a fili yake. Aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana zama mai jayayya domin kare maha'inta, kuma hadisin Ummu Salama da ke cikin Buhari da Muslim ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya zance cewa abin da aka yanke masa daga haƙƙin ɗan'uwansa yanki ne na wuta. Ƙa'idojin aikin lauya su ma sun hana shi gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce ko yaudarar kotu, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da yake iya soke sunansa daga rajista. Kare wanda ake tuhuma kuwa wani abu ne dabam, domin aikin lauya a nan shi ne tabbatar da cewa mai zargi ya kawo hujja kafin a hukunta mutum, wanda shi ne abin da shari'ar Musulunci ma take nema.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne sulhu. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, kuma mutanen da za su ci gaba da haɗuwa a masallaci ɗaya da rijiya ɗaya ba su da ribar hukuncin da zai raba su har jikoki. Lauyan kirki a karkara abokin aikinku ne. Idan shanu suka yi ɓarna a gona, ku da ardo da sarkin noma kuka san ƙimar abin da aka ci da inda burtali ya bi, shi kuma ya san yadda zai rubuta abin da kuka cim ma, da kwanan wata da shaidu, ya kai kotu a mayar da shi hukuncin da aka yarda da shi, ta yadda ba wanda zai tashi bayan rasuwarku ya ce ba a yi ba. Sai dai, Baba, ina roƙon ku da abu biyu. Akwai laifukan da ba a kashe su da goro, irin su fyaɗe da kisa, kuma rufe su zalunci ne ga wanda aka cuta. Na biyu shi ne gadon mata. Na sha ganin sulhun da aka yi a zaure aka bar gona a hannun maza da sunan kada a raba gandu, aka sallami 'ya'ya mata da ɗan abin da bai kai rabonsu ba, matar mamaci kuma tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, ya bi ruwa. Ranar da irin wannan mace ta nemi lauya, kada a ce ta tona asirin gida.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kongo: "Ina aji huɗu a sashen shari'a. Ina sha'awar aiki da matan karkara, amma ana ce mini mutanen ƙauye ba za su kawo wa mace shari'a ba."

'Yata, wasu ba za su kawo ba, musamman da farko, kuma ba zan ɓoye miki cewa tafiye-tafiyen da yanayin tsaro sun fi yi wa mace nauyi ba. Amma akwai rabin gari da lauya namiji ba ya iya kaiwa gare su. Matar da ke cikin kulle, wadda aka hana ta ganin 'ya'yanta bayan saki, ko wadda miji ya tafi ya bar ta shekara uku babu ci babu sha babu takarda, ko wadda take son khul'i ba ta san abin da za ta mayar ba, ba za ta zauna gaban baƙon namiji ta faɗi abin da ke cikinta ba. Ke kuwa za ki yi sallama ki shiga har ɗaki. Ki fara tun yanzu da makarantun Islamiyya na matan aure, ki nemi izinin malamansu ki riƙa ba da rabin awa kan haƙƙin ciyarwa da riƙon yara da gado, ki kuma koya wa mata biyu ko uku masu karatu a kowane gari yadda za su gane matsalar da take buƙatar lauya su kira ki. Dokar agajin shari'a ta 2011 ta san da irin waɗannan mataimaka. Idan kuma aka sake ce miki mace ba ta iyawa, ki ambaci Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta yi wani ɓangare na karatunta a nan Wusasa, ta zama lauya mace ta farko daga Arewa, ta kuma shugabanci Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2014.

Tambaya daga wani manomi a yankin Soba: "Akwai wani mutum da yake zama a bakin kotun garinmu da jaka da kwat, ana kiransa Barista, yana karɓar kuɗi yana rubuta takardu. Yaya za mu gane ko lauyan gaske ne?"

Malam, inda lauya ya yi ƙaranci nan sojan gona yake yawa. Kowane lauyan gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da lambar rajista da shekarar da aka rantsar da shi, kuma ba zai ji haushi ba idan ka tambaye shi su. Duk takardar shari'a da ya rubuta dole ta ɗauki hatimin ƙungiyar NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ake sabuntawa duk shekara. Ka lura kuma ko yana shiga ya tsaya gaban alƙali ya ambaci sunansa a rubuta, ko kuwa kullum a waje yake tsayawa yana cewa zai "ga" wani a ciki. Mai rubuta wa mutane wasiƙa ko takardar koke ba laifi yake yi ba muddin bai kira kansa lauya ba, kuma doka ta ce wanda ya rubuta wa marar karatu takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, ya kuma nuna cewa an karanta wa mai ita ya fahimta kafin ya dangwala. Amma kiran kai lauya ba tare da rantsarwa ba laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Ka kwafi sunansa da lambar da ke jikin hatimin, idan akwai, ka kai wa sakataren reshen NBA na Zariya ya duba maka, kuma kafin amsa ta fito kada ka ba shi asalin takardar gonarka, ka ba shi kwafinta.